Gidan Elgin da iyakar da ta ratsa Gobir

Gulbin Maraɗi yana ƙetare iyaka sau biyu. Yakan taso daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar ta wajen Jibiya, ya biyo ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, ya karkata yamma ta Gidan Rumji, sannan ya sake faɗawa Nijeriya a ƙasar Sabon Birni. Daga Tsibiri zuwa Sabon Birni, masu noma fadamarsa Gobirawa ne: tsagar fuska ɗaya, kakanni ɗaya, kirari ɗaya. Amma ɗan can ya koyi boko da Ingilishi yana ƙirga naira, ɗan nan kuwa ya shiga lakkol da Faransanci yana ƙirga sefa.

Idan ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambayi wanda ya yi wannan rabo, amsar da ta fi saurin zuwa bakin malami ita ce: Turawa ne, a taron Berlin. Amsar tana da sauƙi, sai dai ba daidai take ba. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 bai ja layi ko ɗaya a ƙasar Hausa ba. Guntu-guntu aka yi iyakarmu, sau huɗu ana zama a kanta, a 1890 da 1898 da 1904 da 1906, kuma waɗanda suka zauna suna da sunaye, da iyaye, da basussuka, da halaye irin na kowane ɗan Adam. Kalmar "Turawa" takan lulluɓe su duka kamar bargo. A nan za mu ɗaga gefen bargon mu dubi mutum guda, Victor Alexander Bruce, wanda aka fi sani da Elgin na tara, basarake daga Sikotilan. Shi ne ministan Birtaniya mai kula da ƙasashen mulkin mallaka daga Disamba 1905 zuwa Afrilu 1908, wato shekarun da aka yanke maganar iyakar, aka kuma bi daji ana kafa mata alamomi. Bai taɓa ganin Gobir da idonsa ba.

Sikotilan ita ce arewacin tsibirin Birtaniya, ƙasa mai tsaunuka da sanyi, wadda ta daɗe da sarakunanta kafin majalisarta ta haɗe da ta Ingila a 1707. Daga cikin sarakunan nan babu wanda ya kai Robert Bruce suna, shi da ya karya rundunar Ingila a Bannockburn a 1314. Gidan Elgin dangin wannan sarki ne, kuma mai riƙe da sarautar gidan shi ne shugaban zuriyar Bruce baki ɗaya. An ba su sarautar da suke kira Earl ta Elgin a 1633 (ana furta sunan da g irin ta gida), daga baya ta haɗu da ta Kincardine a hannu ɗaya a 1747. Gidansu na gado, Broomhall, yana yankin Fife kusa da Dunfermline, garin da aka binne Robert Bruce.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani bambanci tun a nan, domin shi ne mabuɗin labarin. A Tsibiri idan sarki ya rasu, ƴaƴan sarki kan fito neman gado, Taran Gobir su zauna su auna su. A Maraɗi ma Galadima da Ƙaura da Durbi da Ƴandaka ke da ta cewa. A Sikotilan babu zaɓe babu takara. Babban ɗa namiji shi ke ɗaukar sarauta da gida da gonaki, ko ya cancanta ko bai cancanta ba, ko yana so ko ba ya so. Yana kuma ɗaukar bashin da ke kansu.

Bashin gidan Elgin ya yi nauyi ne a zamanin kakan mutuminmu, Thomas Bruce, Elgin na bakwai, wanda aka haifa a 1766. An aika shi jakada zuwa fadar Daular Usmaniyya a Santambul a 1799, lokacin da ƙasar Girka ke ƙarƙashin Turkawa. Daga 1801 ma'aikatansa suka fara ɓamɓare sassaƙaƙƙun duwatsu daga tsohon ginin Parthenon da ke kan tudun birnin Atina, suna lodawa a jiragen ruwa zuwa Landan. Shi ya ce yana da izinin hukuma, kuma ceton kayan ya yi daga lalacewa. Girkawa suka ce mai mulkin mallaka ba ya kyautar da abin da ba nasa ba. Muhawarar ba ta mutu ba: duwatsun suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan, Girka tana neman a mayar mata, har ta buɗe sabon gidan tarihi a gindin tudun a 2009 wanda ya bar musu gurbi. Shi dai Thomas bai ci ribar abin ba. Faransawa sun tsare shi daga 1803 zuwa 1806, aurensa na fari ya mutu a gaban shari'a da tonon silili, kuma a 1816 ya sayar wa gwamnati da duwatsun a kan fam 35,000, abin da bai kai rabin kuɗin da ya kashe ba. Ya rasu a Paris a 1841, masu bin sa bashi na jiran magajinsa.

Magajin shi ne James Bruce, Elgin na takwas. Ya gaji suna babba da aljihu rarake, don haka ya shafe rayuwarsa yana karɓar aikin gwamna a ƙasashe masu nisa, inda albashi ke da tsoka. Ya yi Jamaika daga 1842, ya yi Kanada daga 1847 zuwa 1854. A Kanada ana tunawa da shi da alheri, domin ya yarda gwamna ya bi abin da zaɓaɓɓiyar majalisa ta zartar ko da bai yi masa daɗi ba. Ranar 25 ga Afrilu 1849 ya sa hannu a wata doka ta biyan diyya wadda masu jin Ingilishi na Montreal suka ƙi jini. Suka jefi keken dokinsa da duwatsu da ruɓaɓɓen ƙwai, da dare suka ƙone ginin majalisa. Mako uku bayan haka, ranar 16 ga Mayu, matarsa Mary Louisa Lambton ta haifi Victor a wannan birni.

A ƙasar Sin kuwa sunan James abin la'ana ne. Shi ya jagoranci ɓangaren Birtaniya a yaƙi na biyu da aka yi don tilasta wa Sin buɗe ƙofofinta ga fatauci, har da na ƙwayar ofiyom. Wasiƙun da ya riƙa aika wa matarsa sun nuna yana jin kunyar aikin, amma kunyar ba ta hana shi yi ba. A Oktoba 1860, bayan an azabtar da wasu manzanni da ƴan rakiyarsu da Sinawa suka kama, har kusan ashirin suka mutu, ya ba da umarni a cinna wa fadar shaƙatawar sarkin Sin wuta, wadda suke kira Yuanmingyuan, a gefen Beijing. Sojojin Faransa da na Ingila sun riga sun wawashe ta. Aka saka masa da kujerar mataimakin sarauniya a Indiya a 1862, bai daɗe ba ciwon zuciya ya kashe shi a Dharamsala ranar 20 ga Nuwamba 1863. Victor yana da shekara 14 ya zama Elgin na tara.

Kaka ya kwashi duwatsu, uba ya ƙone fada. Wanda ya karanta wannan zai zaci jikan ma wani gagarau ne. Ko kusa. Ya yi karatu a Glenalmond da Eton da Oxford, ya koma Fife ya zauna yana gyaran gonakin gado, yana zaman majalisar gunduma da kwamitin makarantu. A 1876 ya auri Constance Carnegie, ƴar wani gidan sarauta na Sikotilan, gidan Southesk, ta haifa masa ƴaƴa goma sha ɗaya, maza shida mata biyar. A siyasa ya bi jam'iyyar Liberal ta Gladstone, bai kuma juya mata baya ba a 1886, lokacin da yawancin masu sarauta suka fice daga cikinta saboda batun ba Ailan ƴancin mulkin cikin gida. Wannan biyayya ce ta ɗaga shi. Da jam'iyyar ta nemi basarake nata da za ta aika Indiya, ƴan kaɗan ne suka rage mata. Elgin ya yi ta nonnoƙewa kafin ya karɓa, yana ganin aikin ya fi ƙarfinsa.

Shekarunsa biyar a Indiya, 1894 zuwa 1899, ba su yi albarka ba. Damina ta ƙi a 1896, yunwa ta faɗa wa ƙasar; ƙididdigar hukuma kanta ta amsa mutuwar mutum wajen miliyan guda, masu bincike da dama kuma sun ce abin ya ninka haka. Elgin ya tsaya a kan aƙidar zamaninsa cewa gwamnati ba ta sa baki a cinikin hatsi, bai hana fitar da abinci waje ba. A shekarar nan annoba ta ɓarke a Bombay, a 1897 kuma ƙabilun kan iyakar Afganistan suka tashi, aka tura dubun-dubatar soja yaƙin Tirah. A zamaninsa ne aka bi duwatsu ana kafa alamomin layin Durand, iyakar da ta raba Fashtunawa biyu har gobe. Ashe Gobir ba ita ce ƙasa ta farko da aka tsaga yana kan kujera ba.

Sai mu bar shi ya koma Broomhall, mu dawo gida mu ga inda maganar iyaka ta kwana.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar Gobir ta yi ta yawo har Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sarakunan Katsina na Hausa su ma, bayan an kore su daga birninsu, sun sami mazauni a Maraɗi a hannun Ɗan Kasawa wajen 1819. Garuruwan biyu, maƙwabtan juna a bakin gulbi ɗaya, suka shafe ƙarnin suna kai wa daular Sakkwato hari, ita ma tana kawo musu. Tsakaninsu da Katsina daji ya tsiro inda dā gonaki suke. Bajamushe Heinrich Barth, da ya sauka Gazawa a Janairu 1851 a kan hanyarsa daga Tasawa, ya tarar da gari mai kafi, a shirye kullum don farmaki, kuma daga nan ya ratsa dajin da babu kowa, ya wuce kufan Ɗankama, kafin ya isa Katsina. Ke nan akwai iyaka tun kafin Nasara. Sai dai iyaka ce mai faɗi, mai numfashi, wadda ke matsawa da ƙarfin dawaki, fatake kuma na ratsa ta idan an yi sulhu.

Nasara layi yake so. A Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja shi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake na Sakkwato ya faɗa hannun Ingila, alhali babu ɗayansu da ya san inda ikon Sakkwato ya tsaya. Ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama a Paris. A wannan karo aka kafa tsinin alƙalami a birnin Sakkwato, aka zagayo da'ira mai nisan mil 100, wato kilomita 160 da ƴan kai. Daga inda da'irar ta haɗu da layin digiri 14 ta gabas, iyaka ta bi shi mil 70, ta sauko kudu tsaye zuwa digiri 13 da minti 20, sannan ta miƙe gabas.

Malamin da ke da taswira a aji zai iya gwada wannan da ɗalibansa, abin da zai fito kuwa zai ba su mamaki. Layin nan da ya sauko kudu ya bi ne tsakanin Maraɗi da Agye. Bisa takardar 1898, Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi da Birnin Ƙonni duk rabon Ingila ne. Agye da Gazawa da Tasawa rabon Faransa. Da a nan magana ta tsaya, da yau mutumin Agye fasfo zai nema kafin ya ci kasuwar Maraɗi. A lokacin, ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba ta da soja guda a wuraren nan. Shekara ta gaba ne ayarin Voulet da Chanoine ya ratso, ya ƙone Birnin Ƙonni a Mayu 1899 ba tare da ya damu da rabon wa ce ba, ya bar gawarwaki a kan hanya har ƙasar Tasawa, inda suka harbe Kanar Klobb a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, su ma sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi cikin kwana uku.

Abin da ya hana layin 1898 zama shi ne ƙishirwa. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, sai suka tarar hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa can dole ta kewaya da'irar Sakkwato ta arewa, ta wajen Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, raƙuma da jakuna na zubewa. Hanyar da ke da ruwa da hatsi ita ce ta Ƙonni da Gobir da Maraɗi. Suka dage sai an gyara. Hujjar da suka riƙe kuwa daga tarihinmu suka ɗebo ta: Tsibiri da Maraɗi da Tasawa ba su taɓa bin Sakkwato ba. Yaƙin da Mayaƙi da Ɗan Baskore suka yi don kare kansu ya zama takardar shaida a hannun lauyoyin Paris.

Ingila ta amince ranar 8 ga Afrilu 1904, cikin babban sulhun da ya kawo ƙarshen gabarta da Faransa. Sabon layin ya bi kilomita 15 kudu da Maraɗi, aka kuma rubuta cewa a yi ƙoƙari a bar wa Faransa mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram. Me Faransa ta bayar? Wani tsohon haƙƙi da take da shi tun 1713 na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, gabas da Kanada. A cikin takarda ɗaya aka rubuta batun kifin da batun Maraɗi. Duk wanda ke son sanin darajar ƙasar kakanninsa a kasuwar manya, ga ta nan. Wanda ya sa wa Ingila hannu shi ne Lansdowne, ministan harkokin waje, mutumin da Elgin ya gada a Indiya; uwarsa ƴar wani janar ɗin Faransa ce da wata magajiyar gidan sarauta ta Sikotilan. Firaministan ranar, Balfour, ɗan Sikotilan ne, haka wanda ya gaje shi, Campbell-Bannerman. Hannun ƴan wannan ƙaramar ƙasa ya daɗe a lamarinmu: Hugh Clapperton ma, wanda ya kalli rundunar Sarkin Musulmi Bello tana yaƙar Gobirawa a 1826, ya kuma rasu kusa da Sakkwato a 1827, ɗan can ne.

Campbell-Bannerman ne ya kira Elgin a Disamba 1905 ya ba shi ma'aikatar mulkin mallaka, ya haɗa shi da ƙaramin minista ɗan shekara 31, Winston Churchill. An haɗa ruwa da wuta. Elgin mai shiru ne, a zaman majalisar ministoci da wuya a ji bakinsa in ba a kan aikinsa ba. Churchill kuwa ba ya ganin takarda ya bar ta ba sharhi. Ana ba da labarin wata doguwar takarda da yaron ya rufe da cewa wannan shi ne ra'ayinsa, dattijon ya rubuta a ƙasa cewa amma ba nasa ba ne.

Ba su cika wata guda ba ƙasar Hausa ta iso teburinsu. A Janairu 1906 rikici ya tashi a Abinsi, bakin Binuwai, tsakanin fatake Hausawa da Jukunawa, Tibi suka shiga, aka ƙone kantin kamfanin Neja. Lugard, wanda Hausawa ke kira Lugga, ya nemi izinin kai yaƙin horo. Elgin ya taka masa birki, ya ce a tsaya ga tsare hanyar ruwa. Churchill ya rubuta cewa zubar da jinin da ake yi kowace shekara a Afirka ta Yamma abin ƙyama ne. Yawancin sojan Lugard na can Binuwai sai labarin Satiru ya zo. Ranar 14 ga Fabrairu, talakawa da bayin da suka tsere, waɗanda suka taru a wannan ƙauye kudu da Sakkwato suna jiran Mahadi, suka auka wa ayarin sojan doki da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji 25. Cikin jagororinsu akwai Shu'aibu Ɗan Makaho, wanda ya tsero daga ɓangaren Faransa bayan an murƙushe tawayen Kobkitanda a ƙasar Doso. Masu tawayen ba su san da layi ba. Ranar 10 ga Maris aka dawo da bindigogi masu ruwan harsashi, tare da mahayan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu. Aka kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin, aka la'anci wurin don kada a sake zama.

A nan ne, a ganina, ya kamata a auna Elgin. Ya hana ƙaramin yaƙi, babban kisa kuma ya wuce ta gabansa. A cikin ma'aikata an yi tambayoyi, Churchill ya yi tsokaci mai zafi a kan karkashe manoma ba tare da kama fursuna ba, amma tsokacin a cikin fayil ya kwana. Ba a hukunta kowa ba, Sarkin Musulmi kuma ya sami lambar girma. A cikin watan nan na Maris irin haka ta faru a Natal, kudancin Afirka: Elgin ya aika waya a dakatar da kashe Zulu goma sha biyu, gwamnatin Turawan can ta yi murabus don fushi, ya janye, aka harbe su ranar 2 ga Afrilu. Mutum ne mai sanin daidai, wanda ba ya iya tsayawa a kai idan na ƙasa da shi sun murtuke fuska. Aƙidarsa ita ce a amince wa wanda ke wurin. Mu kuwa wanda ke wurin shi ne mai bindiga.

Shekarar ta ci sarakuna a ɓangarorin biyu. A Afrilu aka yaƙi Haɗeja, Sarki Muhammadu ya mutu yana faɗa. A Damagaram Faransawa suka zargi Sarki Amadu Ɗan Bassa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa. A Katsina, kafin shekara ta fita, aka sauke Sarki Yero aka ɗora Durbi Muhammadu Dikko. Tsoro ɗaya ya kama maƙwabtan biyu, ya kuma sa suka gaggauta rufe maganar da ke tsakaninsu. Ranar 29 ga Mayu 1906, kwana tamanin bayan Satiru, aka sa hannu a yarjejeniya ta ƙarshe a Landan. Gaskiya ta wajaba a nan: ba Elgin ne ya riƙe alƙalamin ba, Edward Grey ne, ministan harkokin waje, da jakadan Faransa Paul Cambon. Amma ƙasar da ake yanka tana ƙarƙashin ma'aikatarsa. Wannan takarda ce ta ƙara wa Faransa Birnin Ƙonni, ta bar Tsibiri a arewa da layi, Sabon Birni da Ɗankama da Jibiya a kudu da shi.

Daga ƙarshen 1906 zuwa 1908 Kyaftin Jean Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin ƙafa da ƙafa, suna tambayar masu gari wa suke kai wa haraji, suna kafa alamomi. Guda 148 suka kafa daga Kwara zuwa Komadugu Yobe, aka tabbatar da aikin a Landan ranar 19 ga Fabrairu 1910. Akwai abin da ya kamata ƙungiyoyinmu na al'adu su sani game da ayarin nan. Tafintansa, Landeroin, ya zauna da dattawan fadoji ya rubuta jerin sarakunan Gobir da Maraɗi da Tasawa da labaran yaƙe-yaƙensu, aka buga a cikin kundin ayarin a 1911. Shi da Tilho kuma suka fitar da littafin nahawu da tatsuniyoyin Hausa da ƙamus. Mai binciken tarihin Tsibiri ba ya iya kauce wa waɗannan shafuna, amma ya kyautu ya tuna dalilin tambayar: mai tambaya yana neman hujjar mallaka ne, mai amsawa kuma ya san amsarsa na iya ƙara masa ƙauyuka ko ta rage.

Wani hukunci na Elgin ya taɓa tukunyar kowane gida a Agye da Gazawa, ko da yake ba don su ya yi ba. Lugard ya so a bar shi ya riƙa mulkin Arewa rabin shekara daga Landan. Elgin ya ƙi, Lugard ya ajiye aiki a 1906. Aka maye gurbinsa da Percy Girouard, injiniyan dogo, shi ma haifaffen Montreal, kuma a 1907 aka amince a shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano. Jirgi ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya tashi tun daga 1912. Sannu a hankali jigawar da Barth ya gani daji ta koma gonakin gyaɗa, buhunanta na bin hanyar kudu. An ba Faransa ƙasar don ta sami hanyar gabas da yamma, tattalin ƙasar kuma ya ci gaba da kallon Katsina da Kano kamar dā. Dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ƙarashen wancan ne.

Ƙarshen Elgin a siyasa ya zo ba girma. Da rashin lafiya ta sa Campbell-Bannerman ya sauka a Afrilu 1908, Asquith ya kafa sabuwar gwamnati ya bar shi a waje, Churchill kuwa ya sami cikakkiyar kujerar minista. Ya koma Fife da ɓacin rai, ya ci gaba da shugabancin asusun da attajiri Andrew Carnegie, ɗan Dunfermline, ya kafa wa jami'o'in Sikotilan. Constance ta rasu a 1909; ya sake aure a 1913; a 1914 ya zama uban jami'ar Aberdeen. Ya rasu a Broomhall ranar 18 ga Janairu 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya, matarsa ta biyu na ɗauke da cikin autansa. Babban ɗansa Edward ya zama Elgin na goma. An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ministan da bai yi komai ba, har masanin tarihi Ronald Hyam ya bi takardunsa ya nuna, a littafin da ya fitar a 1968, cewa sau da yawa shi ke riƙe linzami, Churchill na sukuwa.

Gidan yana nan a hannun zuriyarsa, ko da yake dokar 1999 ta raba yawancin masu sarautar gado da kujerunsu a majalisar dattawan Birtaniya. A nan kuwa, a 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautun Gobir da Katsinar Maraɗi zuwa matsayin sultan. Layin ma yana nan. Nijeriya ta rufe shi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har farkon 2024, farashin kaya ya yi ta hawa a kasuwannin Gazawa da Agye. Tun 2019 kuma dubban mutanen ƙasar Sabon Birni da Isa, waɗanda ƴan bindiga suka kora, suka biyo gulbi zuwa ƙauyukan Gidan Rumji. A rajistar hukumomin agaji sunansu ƴan gudun hijira daga wata ƙasa. Da yawansu a gidajen dangi suka fara sauka.